Garin Neman Gira: Wa Ke da Bakin Cewa Ƙaddara Ce?

"Ki rufe ido, Hajiya, kada ki buɗe sai na ce miki." Da wannan ake fara aikin, a Kaduna ne ko a Kano ko a wani ɗan shago a Maraɗi. Matar ta kwanta rigingine a kan siririn gado, an manna mata ɗan farin ƙyalle mai taushi a ƙarƙashin kowane ido don a danne gashin ƙasa, fitila ta haske mata fuska. Daga nan har awa ɗaya da rabi ko biyu ba ta da labarin abin da ake yi a kanta sai wanda kunne ya jiyo mata.

Mai aikin na zaune ta wajen kanta da matsefata biyu. Da ta hagu take ware silin gashin ido ɗaya daga 'yan'uwansa, da ta dama ta ɗauko silin roba, ta tsoma gindinsa a ɗigon baƙin gam, ta ɗora shi a jikin na asali, ta bar 'yar tazara kamar kaurin farce tsakaninsa da fata. Sai na gaba. Sau tamanin, sau ɗari, a ido ɗaya. Duk wanda ya tsaya ya kalla zai yarda sana'a ce ta gaske, mai bukatar haƙuri da hannu marar rawa. Ana tsaka da aiki waya ta yi ƙara. Ta ajiye matsefatar a cinya, ta shafi fuskar wayar, ta amsa, ta gyara ɗankwali, ta sosa gefen hanci, ta ɗauki matsefatar ta ci gaba. Wadda ke kwance ta ji ƙarar wayar. Sauran duk ba ta gani ba.

Bayan kwana biyu ko uku sai ga ta ta dawo shagon da baƙin tabarau. Fatar idon ta kumbura, farin idon ya yi jawur, da asuba sai da ta jiƙa kwantsa da ruwan ɗumi kafin ido ya buɗu. Amsar da takan samu sananniya ce: "Wallahi Hajiya ban taɓa yi wa kowa ya yi haka ba. Sai dai a ce ƙaddara ce, Allah Ya sawwaƙe." Ita kuwa, da yake an tashe ta a kan imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, sai ta haɗiye maganarta ta tafi kemis.

Babu Musulmin da zai ce abin ya faru ba da sanin Allah ba. Abin dubawa shi ne ko wannan kalma ta ƙaddara ta dace da bakin da ta fito.

Ba ƙaramin al'amari ba ne kamar yadda maza da yawa ke zato. A 2017 wasu likitocin ido sun wallafa binciken da suka yi a kan ɗalibai mata 310 na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, suka gano kusan huɗu cikin kowane goma sun taɓa sa gashin ido na kanti. Ƙaiƙayi ne ya fi yawa a cikin abin da suka koka da shi, sai jan ido, sai zogi, sai nauyin fatar ido. A Japan, ɗaya daga cikin ƙasashen da wannan salon na manna sili-sili ya bunƙasa a farkon shekarun 2000, likitoci sun tattara bayanan mata 107 da suka je asibitin ido tsakanin 2007 da 2010 bayan an yi musu aikin. A cikinsu 64 gam ne ko ruwan cire gam ya shiga idon ya ƙona shi, 42 kuma fatar idonsu ce ta yi bore ga gam ɗin. Da aka auna kalar gam uku da ake amfani da su, duka an sami sinadarin fomaldihaid fiye da ƙima.

Gam ɗin kansa ɗan gida ɗaya ne da Super Glue. Sinadarinsa, sayanoakrilet, kamfanin Eastman Kodak na Amurka ne ya fara sayar da shi a 1958 don liƙa ƙarfe da roba. Damshin iska ne ke daskarar da shi, shi ya sa a hunturun Kano, lokacin da iska ta bushe ƙamas, yakan daɗe bai kama ba, tururinsa ya daɗe yana yawo a bakin ido. Idan ya haɗu da auduga kuwa zafi yake haifarwa, har yana iya ƙona fata. Wannan fa gam ɗin da aka yi domin aikin ke nan. Akwai masu araha da ke amfani da gam ɗin liƙa gashin kai, suna danna shi a kan fatar idon kai tsaye.

Shi gashin ido ba ado kaɗai aka halicce shi ba. Fatar ido ta sama tana ɗauke da sili 90 zuwa 160, kowane yana da ranar tsirowa da ranar faɗuwa. A 2015 masu bincike a jami'ar Georgia Tech sun auna gashin idon dabbobi masu shayarwa iri 22, suka tarar tsawonsa kusan kullum kashi ɗaya cikin uku ne na faɗin idon. A wannan tsawon yake kare ido daga ƙura da bushewa. Idan ya zarce haka sai ya koma mazurari, yana jawo iska zuwa cikin idon. Hausawan da suka ce garin neman gira a rasa ido ba su auna komai ba, amma sun san inda maganar ta dosa.

Tambayar da mata suka fi kai wa malamai a rediyo da majalisun karatu ita ce ko sa gashin ya halatta, da kuma makomar alwala. Malamai sun rabu. Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin Asma'u bint Abubakar da ke cikin Bukhari da Muslim, inda wata mata ta zo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da batun 'yarta amarya wadda ƙyanda ta zubar wa gashi, tana neman izinin yi mata ƙari, aka hana, har aka ambaci la'ana ga mai yi da wadda ake yi wa. An ruwaito Imam Malik ya tsananta a kan ƙarin gashi da kowane irin abu, Laisu bn Sa'ad kuwa ya taƙaita hanin ga gashi, ya sassauta a kan ulu da ƙyalle. A wannan zamanin Kwamitin Fatawa na Dindindin na Saudiyya ya hana gashin ido na kanti, Darul Ifta ta Masar kuwa ta halatta shi idan ba gashin ɗan Adam ba ne. Batun alwala ma yana nan: duk abin da ya tare ruwa daga isa inda aka wajabta wankewa matsala ne, balle a mazhabar Malikiyya da ta wajabta cuɗawa.

Wannan muhawara ta malamai ce, kuma kowace mace tana da malamin da ta amince da shi. Amma akwai abin da ake tsallakewa idan ana karanto fatawoyin nan. Dalilin farko da masu hanawa na Saudiyya suka ambata shi ne cutarwa ga jiki. Masu halattawa na Masar kuma sun gindaya sharaɗin kada a cutu. Ashe ɓangarorin da suka saɓa a kan ƙari sun haɗu a kan cuta. Sai dai ita cutar ba a cika tambaya a kanta ba, domin ba ta da amsar "e" ko "a'a" da za a bayar cikin minti ɗaya a rediyo. Amsarta tana cikin kwanon wanke matsefata.

A nan ne ake bukatar rarrabe kalmomi biyu da baki ya saba haɗawa, tsarki da tsafta. Tsarki hukunci ne na shari'a: abu ya kuɓuta daga najasa, mutum ya kuɓuta daga hadasi. Matsefatar da aka gama aiki da ita a idon wata, aka goge da tishu har tana ƙyalli, mai tsarki ce. Mutum zai iya sa ta a aljihu ya yi salla, babu malamin da zai ce ya sake. Amma a bakinta ana iya samun abin da zai kwantar da gida guda.

Misali mafi kusa shi ne afolo. Ciwon ya fara ɓarkewa ne a Ghana a 1969, daidai lokacin da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, shi ya sa sunan ya bi shi har yau. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma hannu da tawul da matashin kai ne motocinta, kallon mai ciwon ba ya sa wa kowa komai. 'Yar'uwarta adenobairos, wadda ita ma ke jan ido, tana iya yin makonni a raye a jikin ƙarfe ko roba, kuma shafar sifirit ta gaggawa ba ta cika kashe ta ba. Hazbiya kuwa, wannan ƙurjin na bakin ido, yawanci ƙwayar stafilokokus ce, wadda mutane da yawa ke ɗauke da ita a cikin hanci lafiya lau. Shi ya sa sosa hancin nan na tsakiyar aiki ba ƙaramin motsi ba ne. Ƙurajen da kan feso a leɓe bayan zazzaɓi suna ɗauke da ƙwayar da idan ta isa gilashin ido tana iya barin tabo na har abada. A gindin gashin idon kansa akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro, demodes, wanda bai kai rabin milimita ba. Yana zaune a fuskar yawancin manya ba tare da fitina ba, sai ya sami maiƙo da dattin da ya taru sannan ya yi yawa, bakin ido ya dinga ƙaiƙayi yana ɓarewa.

Kuma a ƙasar Hausa ake magana, inda amosanin ido ya daɗe yana makantar da tsofaffi. Wannan ciwo hannu da tsumma da ƙuda ne ke yaɗa shi, ƙarshensa kuma fatar ido ta tattare, gashin ya juya ciki yana kartar ido har ya dushe. Duk wanda ya tashi a karkarar Jigawa ko Damagaram ya san tsohuwar da ke ajiye 'yar matsefata don tsige gashin da ke sukar ta. Al'ummar da ta ga haka bai kamata a yi mata dogon bayani a kan haɗarin gashin ido da kayan aikin da ake karɓa-karɓa ba.

Abin da ake nema daga mai sana'ar ba shi da tsada sosai, ɗorewa a kansa ne ke da wuya. Wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma na biyun ba ya yiwuwa sai an yi na farko, domin busasshen gam da maiƙo rumfa ne ga ƙwayar cuta. A wanke matsefata da sabulu da buroshi, a ɗauraye, sannan a nutsar da ita gaba ɗaya a cikin maganin da aka yi don kayan aiki har lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar ya cika, sau da yawa minti goma, a sake ɗaurayewa, ta bushe, a rufe ta. Wadda ke da matsefata biyu kacal alhali mata shida na jira ba za ta taɓa cika wannan minti goman ba, don haka sayen ƙarin matsefata yana cikin tsafta. Akwatin nan mai shuɗiyar fitila da ake gani a shaguna wurin ajiya ne kawai, ba ya maye gurbin wankewa. Ƙaramin buroshin taje gashin ido da ƙyallen ƙarƙashin ido da salatif na mutum ɗaya ne, sau ɗaya. Hannu kuma a wanke shi da sabulu kafin a fara, a sake bayan an taɓa waya ko kuɗi ko fuska.

Duk wannan ana yin sa ne domin abin da ido ba ya gani, a madadin wadda idonta ke rufe. Babu mai kama ta idan ta tsallake. Wannan shi ne ainihin wurin da addini ke kira amana.

Wasu za su ce ai hadisi ya zo cewa babu ɗaukar cuta. Haka ne, yana cikin Bukhari. Amma a cikin Bukharin ne kuma aka yi umarni da nisantar mai kuturta, aka hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwamutsa su da masu lafiya a mashaya. Malaman hadisi irin su Baihaƙi da Ibnus Salah sun daidaita su da cewa abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya ta cewa cuta na tsallakawa da ikon kanta. Allah ne Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda Ya sanya wuta sababin ƙuna, kuma sababi yana iya samuwa abin bai auku ba idan Ya so. Shi ya sa mata tara za su tashi lafiya daga gado ɗaya, ta goma ta kamu. Lafiyar taran ba ta wanke matsefatar ba.

Sahabbai sun fuskanci wannan tambayar da rayukansu. Zamanin annobar Amwas, wajen shekarar 639, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke. Bayan shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma zaɓin gefen nasa ne. Shekaru ɗari bakwai bayan haka, da baƙar annoba ta afka wa Andalus a 1348 da 1349, wazirin Garnaɗa Lisanuddin Ibnul Khaɗib ya rubuta cewa gogewa da lura sun tabbatar cuta na bin tufafi da kwanuka, har ma da 'yan kunne. Bai taɓa ganin ƙwayar cuta ba, domin sai bayan ƙarni biyar Pasteur da Koch suka tabbatar da aikinta. Ya dai lura da wanda ya kamu da wanda ya tsira. Abin lura ne cewa a cikin misalansa akwai kayan adon mata.

To wa ke da bakin cewa ƙaddara ce? Malamai suna da ƙa'ida a nan, wadda Ibn Taimiyya ya fito da ita sarai a sharhinsa na hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa: ana jingina da ƙaddara a wajen musiba, ba a fakewa da ita a wajen laifi. Matar da idonta ya kumbura, idan ta ce haka Allah Ya ƙaddara, ta yi ibada, ta sanyaya zuciyarta. Wadda ba ta wanke matsefata ba, idan ta faɗi kalmar nan, ta ɗauki maganin da aka tanadar wa wadda aka cutar ta shafa wa kanta. Kalma ɗaya ce, a wani baki haƙuri, a wani baki rufa-rufa. Mafi muni, tana amfani da imanin wadda ta cutar wajen toshe mata baki, don ta san 'yar Musulmi za ta ji nauyin jayayya da ƙaddara.

Fiƙihu bai bar abin a matsayin wa'azi ba, ya mai da shi lissafi. Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ta tashi a kanta, ta shahara da ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka damƙa musu, kuma duk almajirin da ya sauke Risala ya wuce ta wannan babin. Tela ko marini, idan kaya ya salwanta a hannunsa a bayan idon mai shi, shi zai biya sai in ya kawo shaida. Asalin ƙa'ida ita ce amintacce ba ya biya, amma aka kauce mata don maslahar jama'a, saboda mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, kuma ba sa ganin abin da ake yi da su. Wannan hukuncin a kan dukiya ne. A kan jiki akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, mai ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Daga nan malamai suka fitar da hukuncin likita da wanzami da mai kaciya: gwanin da ya bi ƙa'idar sana'arsa ba ya biyan abin da ya biyo baya, wanda ya yi kuskure ko sakaci akwai diyya, jahilin da ya yi shigar gwanaye kuwa ga diyya ga horo. Diyyar idanu biyu daidai take da ta rai, ido ɗaya rabi. Har gashin idon sai da suka yi magana a kansa: Hanafawa da Hambalawa sun ce idan aka lalata shi duka bai sake tsirowa ba cikakkiyar diyya ce, Malikawa da Shafi'awa suka bar wa alƙali ya ƙiyasta.

Mutanen da suka zauna suka yi wa silin gashin ido farashi ba su ɗauke shi wasa ba.

Hukuma ma a da tana da ido a kan irin wannan. Littafin hisba na Shaizari, wanda aka rubuta a ƙarni na 12, ya ware babuka a kan masu ƙaho da masu tsaga da masu gidan wanka da masu maganin ido, ya ce muhtasibi ya jarraba masu maganin ido a kan littafin Hunainu bn Ishaƙ kafin ya bar su su taɓa idon kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, sai da ya yi rubutu a kan maganin ido. A wannan zamanin Japan ta sanar a 2008 cewa sai mai lasisin gyaran jiki ne zai yi wannan aikin. Amurka kuwa sai da ta ga makanta: a 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata, ɗaya ta rasu, kuma yana cikin abin da ya haifar da dokar 1938 da ta ba hukuma iko a kan kayan kwalliya. Sinadarin da ya yi wannan ɓarnar, PPD, shi ne dai ke cikin dayis ɗin da ake haɗa baƙin lalle da shi a gidajen biki yau. A nan kuwa yarinya na iya koyon sa gashin ido cikin mako biyu, ko daga bidiyon TikTok, ta buɗe shago, babu mai tambayarta ko ta san sunan ciwon ido guda.

Adalci ya wajaba ga mai sana'ar ita ma, domin ba kowane kumburi ne laifinta ba. Borin da jiki ke yi wa gam abu ne da kan taru a hankali. Mace na iya sa gashin sau goma lafiya, a na sha ɗaya fatar ido ta tashi kamar an hura, kuma daga ranar jikinta ba zai ƙara yarda da gam ɗin ba. Gwajin da ake yi na manna 'yan sili kaɗan a jira kwana ɗaya ko biyu yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. Idan ta yi tambaya tun farko, ta gaya wa matar abin da zai iya faruwa, ta yi gwajin, ta tsabtace kayanta, sannan abin ya auku, to a nan kalmar ƙaddara halal ɗinta ce, ta faɗe ta da gaba gaɗi. Abin da ya rage mata shi ne ta cire gashin idan cirewar ba za ta ƙara ɓarna ba, ta tura ta asibiti, kada ta rubuta mata maganin ɗigawa da ka. Wasu magungunan ɗigawa masu saurin kwantar da ja suna ɗauke da sitiroyid, wanda ke iya rura gyambon gilashin ido. Mai sana'ar ita kanta tana shaƙar tururin gam daga safe zuwa dare a ɗaki marar taga, kuma jikinta ma amana ne a wuyanta.

Masu zuwa a yi musu su ma suna da nasu kason. Da yawa, don tsoron kada gashin da suka biya da tsada ya zube, sukan yi makonni ruwa bai taɓa bakin idonsu ba. Suna wanke fuska suna kewaye ido kamar ana kewaye rijiya. A nan tambayar alwala da tambayar lafiya suka zama abu ɗaya: wurin da ruwan alwala ya daina isa shi ne wurin da maiƙo da ƙura da ragowar kwalli ke taruwa, ƙwaron nan ya sami gida. Mai sana'ar kirki takan gaya wa kowace mace ta dinga wanke gindin gashin kullum, ko da hakan zai sa ya riga lokacinsa faɗuwa.

Jarrabawa mafi tsanani takan zo ne a lokacin biki. Gobe kamu, an biya rabin kuɗi tun makon jiya, amarya ta shigo da ƙawaye da gwaggonta. Da ta zauna a ƙarƙashin fitila sai a ga ido ɗaya ya yi ja, da ɗan kwantsa a lungunsa. Gwaggo ta ce kukan rabuwa da gida ne, ko hayaƙin turaren wuta. Yana iya yiwuwa. Mai shago ba likita ba ce, ba aikinta ba ne ta sa wa ciwon suna. Aikinta ta san cewa jan ido mai kwantsa ba a ɗora masa gam, kuma akwai mata huɗu a benci da za su kwanta a kan matashin nan bayan amarya. Kuɗin haya na jira, kuma ta san idan ta ƙi, shagon da ke gaba zai karɓa.

A cikin Sahihu Muslim akwai labarin tawagar Saƙif da ta zo yin mubaya'a, a cikinsu akwai mai kuturta. Manzon Allah ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Ba a kore shi daga jama'a ba, ba a tozarta shi ba, an ba shi abin da ya zo nema, hannu ne kawai bai haɗu da hannu ba. Mai shagon da ta san wannan ba a gaban ƙawaye za ta yi magana ba. Takan ja gwaggon gefe ta sassauta murya: "Gwaggo, ki yi haƙuri, idon nan ba zan taɓa shi yau ba. Ku kai ta a duba, in likita ya ce babu komai ku dawo ko da dare ne, ni zan jira ku." A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka, ba nisa. Ta buɗe jaka ta ƙirgo kuɗin da aka ba ta ta miƙa.

Gwaggo na iya karɓa da godiya, tana iya fita tana faɗa har bakin titi. Bayan sun tafi mai shagon ta yaye zanen da amarya ta jingina a kai, ta jefa shi cikin bokitin wanki, ta goge hannun kujera da marfin ƙofa, ta tsaya a bakin famfo ta cuɗa hannuwanta da sabulu har tsakanin yatsu. Sannan ta buɗe akwati ta ɗauko wasu matsefatan biyu da suka bushe tun safe, ta leƙa benci ta ce, "Anti, bismillah, zo ki kwanta."